FITA KUNYAR MUTANE, SHIGA ƘANGIN BASHI

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa, kuma zai tambayi kowane bawa a kan abin da Ya damƙa masa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata kalma da ta rusa gidaje masu yawa a ƙasar nan, wadda ba a cika jin an yi wa'azi a kanta ba. Kalmar ita ce "kada a ce". Kada a ce bai iya aurar da 'yarsa ba. Kada a ce lefenta akwati uku ne kacal. Kada a ce ragon layyarsa bai kai na maƙwabci ba. Saboda tsoron wannan "a ce" ɗin, magidanci kan sayar da gonar gado, ma'aikaci kan jinginar da albashinsa na shekara guda, uwa kuma kan shiga adashi uku a lokaci ɗaya alhali ba ta san inda zubin zai fito ba. Su kuwa waɗanda ake tsoron bakinsu, da zarar sun ci sun sha sun watse, ba a sake ganin ƙeyarsu, ballantana su zo taya biyan bashi. Matsayinmu a wannan al'amari a fili yake: tsara kashe kuɗin gida daidai da samu, da tsayawa a kan wannan tsari komai surutun mutane, aiki ne na addini. Wanda ya yi watsi da shi ya bar koyarwar Alƙur'ani da Sunna a wannan babi, ko da gemunsa ya kai ƙirji, wandonsa kuma ya tsaya a ƙwauri.

HALIN DA AKE CIKI

Babu mai buƙatar a ba shi labarin tsadar rayuwa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake canzarwa wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a cikin 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar wannan shekarar. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a daidai lokacin da buhun shinkafa ɗaya ke neman lamushe wannan kuɗi gaba ɗaya. Dattawan da suka ga zamanin tsuke bakin aljihu na 1986 sun san irin wannan wuta, kuma sun san cewa farashin da ya hau bai cika komawa inda ya taso ba.

Ba mu wanke shugabanni ba, kuma ba za mu wanke su ba. Wanda Allah Ya ɗora wa amanar jama'a, ya kwana cikin daula alhali talakawansa na kwana da yunwa, yana da tsayuwa mai tsawo a gaban Ubangiji. Za mu ci gaba da faɗa musu gaskiya kamar yadda muka saba. Amma zaluncin shugaba ba ya sauke wa magidanci nauyin gidansa. Abin mamaki, a cikin wannan hali ne ɗakunan taro ke cika ana cashewa, ana liƙa wa amarya sababbin kuɗi har ana tattakawa, alhali dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ga mai wulaƙanta naira. Sai ka ji mutum da safe yana tsine wa gwamnati saboda kuɗin mota, da dare kuma ka gan shi a wajen dina sanye da shaddar da ya karɓo bashi. Kukan talauci da rawar almubazzaranci sun haɗu a baki ɗaya, Allah Ya kiyashe mu.

ABIN DA ADDINI YA SHIMFIƊA

Musulunci bai bar wannan fage haka nan ba. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, bayan an yi umarni da bai wa dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu, sai aka hana almubazzaranci, aka kuma danganta masu yin sa da 'yan'uwantakar shaiɗanu. A aya ta 29 ta wannan sura aka yi hani ga ƙanƙame hannu, aka yi hani ga sake shi gaba ɗaya, aka bayyana cewa ƙarshen mai yin haka zargi ne da nadama. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an lissafa tsaka-tsaki wajen ciyarwa a cikin siffofin bayin Allah na ƙwarai, a jere ɗaya da tsayuwar dare da nisantar shirka da zina. Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, ta ɗora wa mawadaci ciyarwa gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma gwargwadon abin da ke hannunsa. Suratun Nisa'i, aya ta 5, ta siffanta dukiya da cewa ita ce abin da rayuwa ke tsayuwa a kansa, don haka ta hana a miƙa ta ga wawayen da ba su iya riƙo ba.

Malamai sun bambanta abu biyu. Israfi shi ne wuce gona da iri a cikin abin da asalinsa halal ne, kamar mai dafa abincin mutum ashirin don mutum biyar. Almubazzaranci kuwa shi ne zuba dukiya inda ba ta da haƙƙin zuwa, ko da kaɗan ce, kamar yadda aka ruwaito ma'anarsa daga Abdullahi ɗan Mas'udu (RA). Saboda haka talaka ma yana iya zama almubazzari. Mai samun naira 3,000 a rana, ya kai 500 shagon caca, ya fi attajirin da ya sayi motar halal da kuɗinsa shiga ƙarƙashin wannan aya.

Gidan Manzon Allah (SAW) kuwa shi ne ma'auni. Uwar Muminai A'isha (RA) ta ba da labari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka fitar, cewa wata kan kama ya wuce, wani ya kama, ba a hura wuta a gidajensa ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Kayan ɗakin Nana Faɗima (RA), shugabar matan Aljanna, bai wuce mayafi da salkar ruwa da matashin kai ba. Walimar auren Safiyya (RA) an yi ta da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya ba da sadakin zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, aka umarce shi da walima ko da akuya ɗaya ce. Wani sahabi da ya rasa ko da zoben ƙarfe, an ɗaura masa aure a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. To, wace 'ya ce a cikin 'ya'yanmu ta fi Faɗima daraja, har da za a ce sai an ci bashin miliyoyi kafin a kai ta ɗakinta?

HUJJOJIN MASU ƁARNA DA AMSARSU

Na farko, sukan ce: "Arziki na Allah ne, bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Wannan lissafi naku rashin tawakkali ne." Muna tambayarsu: sun fi Annabi Yusufu (AS) tawakkali ne? Suratu Yusuf, aya ta 47 da ta 48, ta kawo yadda ya tsara wa Masar noman shekara bakwai, a ci kaɗan a bar sauran a zangarniyarsa, domin shekaru bakwai na fari masu zuwa. Bukhari ya ruwaito daga Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Mutumin da ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa a hanyar alheri, aka tsayar da shi a kan sulusi, aka nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. In har an taka wa sadaka birki saboda gobe, ina ga ɗinkin anko?

Na biyu, sukan ce: "Rubuta kuɗin cefane ɗabi'ar 'yan boko ce, rowa ce aka yi wa ado." Wannan jahilci ne tsagwaronsa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, tana magana ne a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. Zakka, rukuni na uku na addini, ba ta fita sai da lissafi: a san nisabi, a san cikar shekara, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Rabon gado lissafi ne. Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Wanda bai iya faɗin inda albashinsa na watan jiya ya tafi ba, yaya zai yi da tambayar shekara sittin?

Na uku, sukan ce: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ai Annabi ma ya ci bashi." Gaskiya ne, Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude. Amma a kan me? A kan sa'i talatin na sha'ir, abincin iyalinsa, kuma ya ajiye jinginar da za ta iya biya. Wannan bashin larura ne. Shi ne kuma Annabin da aka kawo masa gawa, ya tambaya ko akwai bashi a kanta, da aka ce akwai kuma bai bar abin biya ba sai ya ja da baya ga yi mata salla, har Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biyan. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Wanda ya ba da ransa a fagen fama bai tsira daga bashi ba, sai wanda ya ci shi don ya ɗauko mai hoto da mai kwalliya?

Na huɗu, sukan ce: "Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa a jikin bawanSa." Haka ne, kuma ba mu kira kowa zuwa ga tsumma ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya ci mai kyau, ya sa mai kyau, ya yalwata wa iyalinsa. Sai dai ni'imar da aka ba ka ake nufi. Kuɗin aro ba ni'imarka ba ce, dukiyar wani ce a wuyanka. A hadisin Asma'u (RA) an kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya yi shigar ƙarya sama da ƙasa. Ƙarya kuwa fure take, ba ta 'ya'ya.

Na biyar, sukan ce: "Ai sau ɗaya ake yi a rayuwa." To, mu yi lissafi. Mu ɗauka an kashe naira miliyan 3 da rabi tsakanin lefe da kamu da ranar ƙauyawa da dina da wuni da gara. Ga mai albashin naira 70,000, wannan kuɗin wata hamsin ne cur, wato fiye da shekara huɗu, ko da bai ci bai sha ba. Biki na mako ɗaya, biya na shekaru. Ango ya tare da amarya masu bin bashi na sallama a ƙofa, kuɗin haya ya zo babu, cefane ya gagara, soyayya ta koma gori, kafin shekara ta zagayo an ji su a gaban alƙali. Nan gaba kaɗan sai uban yarinya ya sake neman wani bashin don aure na biyu. Ashe ba sau ɗaya ba ne.

BIDI'A TA CANZA RIGA

A nan muna so 'yan'uwa masu jingina kansu ga Sunna su saurara da kyau. Shekaru da dama malamai suna yaƙi da taron sadakar uku da bakwai da arba'in, suna kafa hujja da cewa lokacin da Ja'afar (RA) ya yi shahada a Mu'uta, umarni aka yi a dafa wa iyalinsa abinci, ba su aka ɗora wa ciyar da jama'a ba. An yi yaƙi da kiɗa da cakuɗuwar maza da mata a bukukuwa. Allah Ya sa an ci nasara mai yawa, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan nasara shi ne sauƙin da talaka ya samu a aljihunsa.

Amma Shaiɗan bai yi barci ba. Abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga da sabon suna. Yanzu sai ka ga wasu sun kama ɗakin taro mai tsada, an yi ankon hijabi, an buga jakunkuna da kalanda masu sunan ango da amarya, an gayyato malami ya yi nasiha ta minti ashirin, sannan a kira abin "walima". Akwai walimar sauka, walimar suna, walimar dawowa daga Umra, walimar tarewa a sabon gida, kowace da nata ɗinkin. Cire ganga daga taro bai mayar da ɓarnar da ke cikinsa halal ba. Walima Sunna ce, amma Sunnarta ciyarwa ce gwargwadon hali, kuma hadisi ya kira abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da mafi sharrin abinci. Kati mai cewa ba a shiga sai da shi, wa yake korewa in ba matalauta ba?

Haka nan sadaki. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma mutane sukan yi alfahari cewa sun karɓi sadaki kaɗan don neman albarka. Amma me ya amfana a sauƙaƙa sadaki, wanda shi ne haƙƙin da Allah Ya wajabta, sannan a tsawwala lefe da kayan sa rana da gara, waɗanda al'ada ce ta ƙaga su? Sakamakon yana gabanmu: samari sun haura shekara talatin ba su iya aure ba, 'yan mata sun cika gidaje, uba yana jin an haifa masa mace sai gabansa ya faɗi saboda tunanin kayan ɗaki. Har ta kai gwamnatin Kano, tun daga 2012, tana ɗaukar nauyin aurar da zawarawa da 'yan mata ta hannun Hisba. Al'ummar da aure ya gagare ta sai da tallafin hukuma, lalle ta ɗaura wa kanta dutse a wuya.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce. A 1807 Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda baƙin cikin yadda ya ga son duniya da tara kaya sun fara shiga zukatan jama'ar da ta fito don tsayar da Sunna, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Idan haka ta faru ga mutanen da suka yi hijira tare da Shehu Usmanu, babu wata jama'ar gyara da za ta ce ta fi ƙarfin wannan jarrabawa.

RAMUKAN DA KE JIRAN MAI ƁARNA

Wanda kashewarsa ta fi samunsa dole ya cike giɓin daga wani wuri, kuma wuraren sanannu ne. Akwai manhajojin bashi na waya, masu ba da kuɗi cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, waɗanda in an makara sukan aika wa duk lambobin da ke cikin wayar mutum saƙon cewa shi ɓarawo ne, har hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Mutum ya gudu daga kunyar 'yan biki ya faɗa kunyar duniya, ga kuma shelar yaƙi daga Allah da ManzonSa da aya ta 279 ta Suratul Baƙara ta yi a kan riba. Akwai cacar ƙwallo da ta cinye samari. Akwai 'yan damfara masu alƙawarin ninka kuɗi: MMM ta rufe da dukiyar jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita irin wannan a Afrilun 2025, kuma duk da haka gobe wani zai sake miƙa wuyansa, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Akwai kuma cin amana. Ma'aikacin da ya saba wa gidansa da rayuwar da ta ninka albashinsa, ba da jimawa ba zai fara karɓar na goro. Da yawa daga cikin cin hancin da muke kuka da shi a ofisoshi, a teburin biki aka haife shi.

TATTALI DABAN, ƘWAURO DABAN

Kada wani magidanci ya ɗauki wannan takarda ya kai wa matarsa a matsayin hujjar ƙuntata mata. Mun san irin mazan da kan ajiye wa mace da 'ya'ya shida kuɗin da bai isa kayan miya ba, su fita majalisa su ci tsire da balangu, su sha shayi da ƙwai, su dawo suna wa'azin haƙuri. Wannan zalunci ne. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar Abu Sufyan a kan ƙwauro, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Ciyar da iyali wajibi ne, kuma tsimi yana farawa ne daga aljihun mai gida: daga kuɗin majalisa, da canjin waya duk shekara, da neman ƙarin aure alhali ta gida ba ta ƙoshi ba. Naira 500 a kullum a kan abin da ba dole ba, naira 15,000 ce a wata, naira 182,500 a shekara. A gidaje da yawa wannan ya isa ya riƙe karatun yaro.

ABIN YI

Na ɗaya, kowane magidanci ya samu littafi da alƙalami, ya zauna da iyalinsa, ya rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita na wata guda, har kuɗin kati da na data. Ɓoye wa mace samu yana sa ta zaci akwai, sai ta riƙa tambayar abin da babu. Mai sana'ar da samunsa ke hawa da sauka ya gina lissafinsa a kan wata mafi rauni.

Na biyu, a jera buƙatu kamar yadda shari'a ta jera su: abinci, muhalli, sutura, magani da karatun yara su ne gaba, biyan bashi ya biyo, sannan ajiya da sadaka, abin marmari ya zo ƙarshe in an samu rara. Ajiyar a cire ta ranar da kuɗi suka shigo, ko da kaɗan ce, domin abin da aka bari sai ƙarshen wata ba ya kai ƙarshen wata.

Na uku, hidimomin da aka san zuwansu a yi musu tanadi tun da nisa. Azumi da Salla da kuɗin makaranta da na haya ba sa zuwa ba zato. Mai iko ya sayi hatsin gidansa da kaka, kamar yadda kakanninmu suka yi da rumbu. Wannan tanadin iyali ne, ya sha bamban da ɓoye kaya don a tsawwala wa jama'a, wanda shari'a ta haramta. Layya tana kan mai iko, Hajji ma haka, kuma a 2025 kuɗin kujera ya haura naira miliyan 8. Babu wanda Allah zai kama don bai yanka rago ba alhali ba shi da hali.

Na huɗu, a nisanci riba ta kowace fuska. Adashin da babu ƙari a cikinsa, tsakanin amintattu kuma a rubuce, hanya ce mai kyau, muddin zubin bai fi ƙarfin mai yi ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan tun da Jaiz ya fara aiki a 2012. Rassanmu kuma su kafa asusun rance mai kyau domin rashin lafiya da jari, kada a ba da ko kwabo don biki.

Na biyar, a rage kallon na sama. Hadisin Muslim ya yi umarni da duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya don kada mu raina ni'imar Allah. A da maƙwabta kawai ake gani, yau kuwa waya tana kawo bikin 'ya'yan attajirai har cikin ɗakin matar leburan kasuwa. Wanda ya san zuciyarsa ba ta jurewa, ya kawar da idonsa.

KIRA

Muna kira ga limamai da masu wa'azi su mayar da wannan batu darasin mumbari, su kuma ƙi halartar walimar da suka san da bashi aka haɗa ta, domin zamansu a kujerar gaba shi ne hatimin da ake nema. Muna kira ga mawadata su ji tsoron Allah, su sani cewa duk abin da suka yi a bikin 'ya'yansu shi talaka zai ɗauka ma'auni. Su ne ya kamata su fara aurar da 'ya'yansu cikin sauƙi, su juya rarar ga marayun unguwa. Muna kira ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, waɗanda a hannunsu lefe da gara da anko suke, su zama su ne masu kashe wannan wuta, malaman makarantun Islamiyya na matan aure kuma su sa shi cikin karatu. Muna kira ga shugabannin rassa su zauna da masu unguwanni da dattawa a yi yarjejeniya a kan iyakar kayan aure, a fara aiwatar da ita a gidajen 'yan'uwa kafin a nemi wasu su bi.

Za a yi surutu, babu shakka. Za a ce wane ya yi rowa, wance an kai ta kamar marainiya. Surutun ba ya wuce mako biyu, wani bikin zai zo a manta. Bashi kuwa yana bin mutum har kabari, a tsayar da rabon gadonsa sai an biya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da ke hannunmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.